Gargaɗi: Idan Hanji Ya Zauna Banza, Sukari Kan Tashi

Masu jinya, a saurara. Ciyar da majinyaci ta jijiya hanya ce mai ceton rai. Tun 1968, da likita Stanley Dudrick ya tabbatar da ita a Amurka, ta raya mutanen da hanjinsu ya kasa. Amma tana da haɗari, kuma haɗarin ba ya sallama.

Na farko, sukari yana shiga jini kai tsaye. Abincin da ya bi ta baki yana sa hanji ya saki sinadarin GLP-1, shi kuma ya sa jiki ya fitar da insulin. Na jijiya ba ya bi ta wannan ƙofa. Sai sukari ya hau, har ga wanda bai taɓa ciwon sukari ba.

Na biyu, ƙananan halittun da ke cikin hanji suna kwana da yunwa. Abincinsu dusar hatsi ce da ganye da wake. Daga nan suke samar da butiret, wanda bangon hanji ke rayuwa da shi. In babu, bangon ya sirance. Masu amfani su ragu, miyagu su yawaita. Gubarsu ta tsallaka cikin jini, jiki ya daina jin insulin.

Na uku, sukarin da ya yi yawa yana raunana garkuwar jiki. Miki ya ƙi warkewa. Ƙwayoyin cuta su bi robar jijiya su shiga jini. A binciken da aka yi a Beljiyam kan majinyata 4,640, aka wallafa a 2011, waɗanda aka jinkirta musu abincin jijiya zuwa kwana na takwas sun fi saurin murmurewa.

Na huɗu, gaggawar gyara ma tana kisa. A cika insulin, ko a cire robar farat ɗaya, sukari ya faɗi, majinyaci ya suma. Shi ya sa likitoci ke riƙe sukari tsakanin 140 da 180 a ma'aunin mg/dL.

Kada a firgita, kada kuma a yi sake. A riƙa auna sukari a kai a kai. A tambayi likita ranar da za a fara ba da abinci ta baki ko ta robar hanci, ko da 'yan cokula ne. Kada a ba majinyaci kunu a ɓoye. Kada a nemi ƙarin ruwan gulukos a kyamis don “ƙarin ƙarfi”.

Kowace rana da hanji ya kwana banza ba da dalili ba, majinyaci ne ke biya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.