Sarƙar Miƙa Ilektaron a Cikin Mitokondiriya

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ƙwayar halitta ke tatsar ƙarfi daga abinci, tare da gwada kalmomin da malamin kimiyya zai iya shiga aji da su. Tun farko a lura da wani tarko: furotin da furoton wasali ɗaya ne ya raba su, alhali na farko sinadarin gina jiki ne, na biyu kuwa zarrar haidurojin ce da aka raba da ilektaron ɗinta. Duka biyun wuri guda suke aiki a nan, don haka wajibi ne marubuci ya kiyaye.

Mitokondiriya tana da tantani biyu, na waje da na ciki. A jikin na cikin ne aka dasa rukunoni huɗu na furotin. Rukuni na I yana karɓar ilektaron 2 daga sinadarin NADH, ya miƙa su ga yubikwinon, wanda ke yawo cikin maiƙon tantanin. Da ƙarfin da ya samu wajen miƙawar sai ya tura furoton 4 zuwa sararin da ke tsakanin tantanin biyu. Rukuni na II shi ma yubikwinon yake bai wa ilektaron, waɗanda ya karɓo daga sakisinet, amma ba ya tura furoton ko ɗaya. Wannan ya sa kalmar "sarƙa" ke iya yaudarar ɗalibi, domin na I ba ya miƙa wa na II kome. Ƙofofi biyu ne da ke buɗewa ga hanya ɗaya. Daga nan rukuni na III ya karɓa, ya fitar da furoton 4, ya ɗora ilektaron ɗai-ɗai a kan saitokurom c. Rukuni na IV ya tura wasu 2, sannan ya haɗa ilektaron da iskar oksijin da furoton, ruwa ya samu. Jimla furoton 10 ke nan ga kowane NADH.

To, mene ne amfanin tara su a waje? Peter Mitchell, masani ɗan Ingila, shi ne ya ba da amsa a 1961, aka daɗe ana ja da shi kafin a ba shi kyautar Nobel a 1978. Tantanin tamkar madatsar Kainji yake: furoton ba su da hanyar komowa sai ta cikin wani furotin mai juyawa, wanda ke ƙera ATP, sinadarin da jiki ke kashewa a duk wani motsi. NADH guda yana samar da kimanin ATP 2.5.

Gubar sayanayid, wadda rogo mai ɗaci ke saki idan ba a jiƙa shi an sarrafa shi sosai ba, rukuni na IV take toshewa. Ilektaron su rasa mai karɓa, turin furoton ya tsaya, ƙwayar halitta ta mutu alhali jini cike yake da oksijin.