Cikon haƙori: Fari ko baƙi, wanne ya fi daɗewa?

Idan likita ya gama share kogon haƙori, mafi yawan mutane farin ciko suke zaɓa, domin ba ya nunawa idan an yi dariya. Amma a haƙoran tauna na can ciki, inda ake murƙushe ƙashi da aya, ba kyau ne ke da muhimmanci ba, ƙarko ne.

Baƙin cikon, wanda likitoci ke kira amalgam, an shafe fiye da shekara 150 ana amfani da shi. Kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuma azurfa da kuza da tagulla. Farin kuwa, wato kwamfozit, roba ce da aka cuɗa da garin gilashi, ana daskarar da ita da shuɗin haske.

Wani bincike da aka yi kan yara a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, wanda aka wallafa a 2007, ya bi diddigin ciko sama da 1,700 na tsawon shekara bakwai. Kusan kashi 94 cikin 100 na amalgam suna nan daram, kwamfozit kuma kusan kashi 86. Babban abin da ya kayar da farin shi ne sabuwar ruɓa a gefen cikon.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwamfozit na ɗan tsukewa yayin daskarewa, kuma ba ya shiri da yawu. Idan likita bai busar da haƙorin sosai ba, ko fitilarsa ta yi rauni, sai a bar 'yar kafar da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su samu mashiga. Amalgam bai damu da wannan sosai ba, sai dai yakan ci lafiyayyen haƙori fiye da farin kafin ya zauna.

Duk da haka, kwanansa sun kusa ƙarewa, saboda illar zaiba ga muhalli. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke ciki, ta buƙaci a rage amfani da shi, Tarayyar Turai kuma ta haramta shi daga Janairun 2025, in ban da larura.

Akwai na uku, gilas ayonoma, wanda ke sakin fuloraid a hankali. Ana iya kwaɓa shi da hannu ba tare da lantarki ba, abin da ya sa ya dace da asibitocin karkara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Ga ƙaramin rami yana aiki, amma a babban kogo yakan zaizaye ko ya fashe da wuri.

Girman ramin ma na yanke hukunci: wanda ya jira sai ciwo ya hana shi barci, kowane ciko aka sa masa ba zai kai na wanda ya je da wuri ba. Mai niƙa haƙora cikin barci da mai yawan shan zaƙi su gaya wa likita kafin ya zaɓa.