Jini bayan saduwa: Abin da likitan mata ke dubawa

A Kaugama da sauran garuruwan fadamar Haɗejiya, kunya kan sa mace ta ɓoye zubar jini bayan saduwar aure. Likitan mata kan fara da tambayoyi da gwajin juna biyu, sannan ya duba bakin mahaifa. Idan ciwon sanyi ne ya ba da magani, idan tsiro ne ya cire. Ga masu wanki a kogi, tsargiya ma kan jawo jinin, maganinta kuwa praziquantel. Abin tsoro shi ne sankarar bakin mahaifa, wadda ake tabbatarwa da gwajin ɗan nama, kuma tana warkewa idan an gano ta da wuri. A Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. Duk wadda ta ga jinin, ta garzaya asibiti.