Walƙiyar da ido ba ya gani

Kowa ya san walƙiyar damana. To, akwai wata walƙiya da ke zuwa daga nesa ƙwarai, can cikin sararin samaniya. Ido ba ya ganin ta. Masana suna ce wa haskenta "gama". Ɗan uwan hasken nan ne da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, amma gama ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ba da niyya aka gano ta ba. Amurka ta harba taurarin ɗan Adam don su yi gadi, ko wata ƙasa tana gwajin bam na nukiliya a ɓoye. A shekarar 1967 suka hangi walƙiya, amma ba bam ba ne. Sai a 1973 aka sanar da duniya.

Walƙiyar iri biyu ce: doguwa da gajera. Gajerar ba ta kai sakan 2. Kafin ka gama sallama, ta wuce.

Me ke kawo gajerar? Idan babban tauraro ya ƙare makamashinsa, sai ya fashe. Zuciyarsa takan saura, ta dunƙule. Faɗinta kamar kilomita 20 ne, kusan tafiyar Damagaram zuwa Miriya. Amma ta fi rana nauyi! Wani lokaci irin waɗannan matattun taurari biyu suna kewaya juna. Suna matsowa sannu sannu, shekaru miliyoyi. Ranar da suka yi karo, sai walƙiyar ta tashi.

Masana sun daɗe suna zaton haka, amma babu cikakkiyar shaida. Shaidar ta zo ranar 17 ga watan Agusta 2017. Wasu manyan na'urori a Amurka suka ji girgizar karon, kamar yadda ruwan tabki ke motsi in an jefa dutse. Bayan ƙasa da sakan 2, tauraron ɗan Adam ya ga walƙiyar. Hasken ya yi shekara kamar miliyan 130 bisa hanya kafin ya iso.

Ga abin mamaki. Da aka duba wurin da madubin hangen nesa, an ga alamar cewa ƙarafa masu nauyi suna samuwa cikin wutar karon. Masana suna ganin ta haka aka samu wani kashi na zinariya da yuraniyom na duniyarmu, tun kafin a yi ƙasa. Ke nan, ɗan kunnen amarya da dutsen da ake haƙa a Arlit, wataƙila asalinsu ɗaya ne.

Kada kowa ya ji tsoro. Karon yana faruwa nesa ƙwarai, kuma iskar da ta lulluɓe duniya tana tare hasken gama. Shi ya sa sai an hau sama da na'ura ake iya ganin sa.