Idan Guguwa Ta Tunkaro Florida

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, hankalin mazauna gaɓar Florida a Amurka ba ya kwanciya, don lokacin mahaukaciyar guguwar Atlantika ke nan. Tun kafin hadari ya haɗo, magidanci yake tanadar ruwan sha, abincin gwangwani da tocila, ya ƙulle takardun gida a leda, ya lulluɓe tagogi da katako.

Ruwa ya fi iska kisa, musamman idan teku ya tumbatsa ya afka gari. Shi ya sa a 2017, da guguwar Irma ta doso, aka umarci mutum fiye da miliyan 6 su tashi. Hanyoyi suka cushe, fetur ya ƙare a gidajen mai da dama, masu jinkiri suka yi ta gararamba da tanki wayam.