Kafireton Peugeot 504: Wanki Ko Canji?

Kafireto shi ne ɓangaren da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin, kuma da shi yawancin motocin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 suke aiki. Idan ƙura ko dattin mai ya toshe ƙananan ramukan da fetur ke bi, injin yakan riƙa mutuwa a tsaye, idan kuwa mai ya rinjayi iska, sai baƙin hayaƙi ya fito ta salansa, fulogi kuma ya yi baƙi. Wanki a hannun ƙwararren bakanike yakan wadatar, amma idan gangar jikin kafireton ta tsage ko ta lanƙwashe, canji ya zama dole.