KOTUN GWAJI: INDA ƊALIBAN SHARI'A NA GOMBE KE KOYON TSAYAWA GABAN ALƘALI

Wanda bai san dawan garin ba, in ya leƙa ɗakin sai ya rantse shari'ar gaske ake yi. Ga alƙalai uku a bisa dakali, ga magatakarda riƙe da agogo, ga kuma samari da 'yan mata cikin tufafi baƙi da fari, kowa da tarin takardu a gabansa. Amma babu mai laifi a wurin, babu shaida, ba kuma wanda za a ɗaure. Wannan ita ce kotun gwaji, watau inda ɗaliban aikin lauya ke yin jayayya a kan ƙarar da aka ƙaga, domin su saba da abin da zai zama sana'arsu.

Al'adar ba sabuwa ba ce. Ta samo asali daga tsoffin gidajen horar da lauyoyi na birnin Landan, ta biyo dokar Ingila zuwa ƙasar nan. A Arewa, sashen koyon shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya ya soma tun 1962, shekarar da aka kafa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya a Ikko. Gombe kuwa ta daɗe 'ya'yanta na tafiya Zariya da Maiduguri da Jos neman wannan ilmi. An yanke jihar daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada a 2004, daga baya ta sami nata sashen shari'a. Ɗakin kotun gwaji yana cikin abubuwan da hukuma ke dubawa kafin ta amince wa kowace jami'a ta koyar da wannan fanni.

Ga yadda abin ke gudana. Masu shirya gasa su kan rubuta labarin wata ƙara, sau da yawa a wata ƙasa wadda babu ita a taswira. Alal misali, a ce gwamnatin ƙasar ta gina madatsar ruwa, ta tashi ƙauyuka ba tare da diyya ba, sa'an nan ta tsare ɗan jaridar da ya ba da labari. Ba a gardama a kan ko abin ya faru, don an riga an yarda ya faru. Gardamar duka a kan abin da doka ta ce ne. Ɗalibai za su yi makonni a ɗakin karatu suna tonon hukunce-hukuncen da suka gabata, su rubuta takardar hujjojinsu, kana su zo su kare ta da baki.

Inda gizo ke saƙa shi ne ba a barin ɗalibi ya zaɓi ɓangaren da ransa ke so. Dole ya shirya wa mai ƙara, ya kuma shirya wa wanda ake ƙara. Yarinyar da ta tsaya da safe tana nema wa mutanen ƙauye hakkinsu, ita ce da la'asar za ta miƙe tana kare gwamnatin da ta tashe su. Wasu iyaye in sun ji haka sai su ce ashe ƙarya ake koya wa yara. Ba haka ba ne. Lauyan da bai taɓa zama ya auna ƙarfin hujjar abokin hamayyarsa ba, ran shari'a ita za ta kā da shi, kuma wanda ya sayar da akuyarsa ya biya shi, shi ne zai kwana a ciki.

Sa'an nan ga tambayoyin alƙalai. Ɗalibi ya kan haddace jawabinsa tsaf, ya ce, "Ya Mai Shari'a," bai kai ga jimla ta uku ba sai a katse shi: "Wace kotu ce ta yanke wannan hukunci? Ya zama tilas a kanmu mu bi shi?" A nan ne hadda ke ƙarewa. Wanda ya kawo Yarjejeniyar Afirka ta Hakkin Ɗan Adam, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, Nijeriya kuma ta mai da ita dokarta a 1983, lalle ne ya san abin da Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Abacha da Fawehinmi a shekarar 2000, cewa yarjejeniyar doka ce da kotunan ƙasar nan za su yi aiki da ita, amma tana ƙarƙashin Tsarin Mulki. In bai sani ba, agogo na tafiya yana inda-inda.

Wanda ya yi fice a gida yana da fagen da ya fi wannan faɗi. Gasar Jessup, wadda ta faro a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1960, tana kwaikwayon Kotun Duniya da ke Hague, ana kuma yin zagayen ƙarshe a Washington. Kowane ɓangare minti 45 ake ba shi, mutum biyu su raba. A nahiyar nan akwai gasar hakkin ɗan Adam da Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu ta soma a 1992, wadda aka sa wa sunan Farfesa Christof Heyns bayan rasuwarsa a 2021. Ita tana kwaikwayon Kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya.

To, amma zuwa can sai da guzuri. Kuɗin mota zuwa Abuja, da masauki, da fasfo, da kuɗin jirgi, sun fi ƙarfin ɗan manomi daga Kumo ko Dukku ko Kaltungo, in ba jami'a ko manyan lauyoyi sun ɗauki nauyi ba. Akwai kuma matsalar harshe. Yaron da ya tashi da Hausa da Fulatanci, ko Tangale, ko Tera, yana iya fin abokin karawarsa sanin doka, amma kunya ta riƙe masa harshe in ya zo faɗi da Ingilishi. Tarbiyyar gida ma ta kan shiga tsakani, don an hore shi kada ya haɗa ido da babba, balle ya mayar masa da magana, alhali kuwa a nan ana so ya dubi alƙali ya ce masa, cikin ladabi, ba haka doka ta ce ba. Maganin wannan sai yawan tsayawa.

Ɗaliban Gombe ba su rasa abin koyi ba. Mai Shari'a Zainab Adamu Bulkachuwa, wadda ta yi aikin alƙalanci a jihar, ita ce mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya, daga 2014 zuwa 2020. Yanzu wannan kotu tana da reshe a cikin garin Gombe, kuma zamanta a buɗe yake ga jama'a. Ɗalibin da ya gama gwaji ran Asabar yana iya zuwa a ranar aiki ya zauna a bencin baya, ya ji yadda alƙalai uku na gaske ke katse lauyan da ya shekara ashirin yana aiki.